Man Shanu a Hinjin Tasi'u

Tasi'u mai walda na idar da sallar asuba ya ɗaure akwatin spanarsa a bayan babur, ya bar Tudun Wada ya nufi Falgore. Ranar ce masu duba tsafta za su zo daga Kano su ga ɗakin da ƙungiyar matan ruga ke ƙulla kindirmo a roba. In ɗakin ya faɗi a dubawar, ba izinin sayarwa, kindirmon matan ya koma ƙwarya a bakin titi. Shi ya haɗa hinjin ƙofar, da ƙarfen da ba ya tsatsa, ya yanka shi a karkace yadda in an tura ƙofa da kafaɗa nauyinta zai mayar da ita da kanta. Ba giris, ba hannun da zai taɓa mariƙi.

A bakin ɗakin ya tarar da kakarsa Baturiya, uwar ƙungiya, mabuɗi rataye a wuyanta. Ya gaishe ta.

"...da gajiya kuma, amarya? Har yanzu kina nan? Na ce ko an yi sadakar ukunki ban ji ba."

"Sai na binne ka tukuna, mijin wahala. Mijin da ke zuwa gun mata da spana, ko goro babu."

"Goro da wane haƙorin?"

"Da wanda na tauna maka nama kana tsumma."

Ya tura ƙofar, ta dawo ta rufe. Sai hancinsa ya ji wani ƙamshi da bai san shi da ƙarfe ba. Ya durƙusa. Kiyashi ne jere tun daga ƙasa har hinjin sama, hinjin kuwa sai sheƙi yake.

"Tsohuwa, wa ya yi wa hinjina kwalliya?"

"Ni ce. Ka bar ƙarfe a bushe kamar ƙafarka. Na tausaya masa, na sa gashin kaza na shafa masa man shanu. Sabon kaɗi ma, ba na kasuwa ba."

"Ai na ce kada a sa masa komai."

"Giris ka ce. Ka ji na taɓa giris? Da man nan na shafe uwarka, na shafe ƙwaryata, na shafe sandar kakanka. Ba wanda ya kawo ƙara."

"Ga masu ƙara nan sun yi layi." Ya nuna kiyashin. "Baƙinki ne, ki ba su tabarma. In mutanen Kano suka gan su, ke da kindirmonki sai bakin kwalta."

Baturiya ta sunkuya, ta ƙanƙance ido.

"To ai ƙofar taka ce mayya," in ji ta daga baya. "Jiya ina shiga ta biyo ni ta buge ni a baya."

"Ta ga kin shiga ba hular aiki ne. Ta fi ki bin doka. Zo ki tare min ita in ɗaga."

"Ni? Da ƙashin nan nawa?"

"Ƙashin da ke zuwa biki Doguwa a ƙafa? Sa kafaɗa."

Ta sa. Ya ɗage ƙofar, ya kwance hinjin, ya zare zoben robar da ke ciki. Ta kawo ruwan zafi da sabulu tana mita, wai ba ta taɓa ganin mijin da ke sa amarya wanka wa ƙarfe ba.

"Ke kika shafa, ke za ki wanke."

"Saki nake so."

"Sai an ba da takardar izini. Cuɗa nan, cikin ramin."

Ta cuɗa da tsinke da tsumma har yatsunta suka yi fari. Ya goge da sifirit, ya share kiyashin, ya wanke bangon, ya mayar da komai. Yana ɗaure noti na ƙarshe aka ji mota.

Wata ma'aikaciya cikin farar riga ta tura ƙofar da gwiwar hannu, ta tsaya tana kallonta har ta rufe. Ta goga farar auduga a hinjin, ta duba, ta wuce ciki. Baturiya ta sauke numfashi. Da matar ta fito, ta ce ɗaki ya yi, a ci gaba da riƙe shi haka.

Motar na juyawa Baturiya ta gyara ɗankwali.

"Ka ga aikina? Ni na wanke shi."

"Wa ya ɓata shi?"

Dariya ta ƙwace mata har da riƙe bango. Ta shiga rumfa ta fito da ɗan ƙoƙo rufe da faifai.

"Ungo sauran. Tunda ƙofarka ta fi ƙarfinsa, kai ba ka fi ba."

Tasi'u ya zauna a kan babur, ya tuɓe takalmi ɗaya, ya lakato man ya shafa a fason diddigensa.