Yadda Ake Tarbar Sabon Kiliyan Har Albasarsa Ta Bushe

Barka da shigowa sashen kula da sababbin kiliyan, wato masu saye, na kamfaninmu mai sayar da famfon ban-ruwa na hasken rana. Bi matakan nan, na yi maka alkawari shef, shugabanmu, zai yaba maka a gaban kowa, ko ruwa ya fito ko bai fito ba. Na gwada su a kan Mas'uda, wata dattijuwa mai lambu a Dumega. Albasar rani ce ke riƙe gidanta idan geron rumbu ya ƙare, shi ya sa ta sayi famfonmu.

1. Hoto tukuna
Kada ka buɗe kwali sai ka ɗora mata hular kamfani, ta yi murmushi. Idan ta tambayi yadda abin ke aiki, ce mata, "Inna, ai yanzu ke 'yar gida ce." Babu tambayar da wannan amsa ba ta kashewa.

2. Zaɓi wuri mai kyan gani
Je da damina, lokacin da gawo ya kaɗe ganyensa tas. Kafa farantin shan rana a gindinsa, ka zuba siminti kamar kana ginin masallaci. Kai ɗan birni ne, ina ka san da rani gawo ke cika da ganye? Ita ta sani, har za ta yi murna: "Madalla, ɗana, in rani ya yi, rana ba ta ƙona min shi." Gyaɗa kai, ka hau moto ka koma Dogon Dutsi. Bayani ɓata lokaci ne.

3. Tsorata ta da garanti
Kafin ka tashi, ja mata kunne: duk wanda ya matsar da farantin, ko da taku guda, garanti ya mutu.

4. Idan ta kira
Za ta kira. "Ɗana, inuwa ta ruhe abin ga, ruwa sai ɗigo. Albasa na kwantawa." Yi mata godiya da ta zaɓe mu. Sannan tura mata bidiyon bayani cikin Faransanci, ko da yake wayarta 'yar mai maɓalli ce. Aikinka turawa, buɗewa tsakaninta da Allah.

5. Ba da shawara
Ce ta sare gawon. Idan ma'aikatan gandun daji suka kama ta, matsalar ta bar sashenka ta koma nasu. Wannan muke kira haɗin gwiwa.

6. Auna gamsuwa
Nan gwanintar take. Kira ta da kanka, ka ce, "Inna, ina gajiya? Ina gida?" Dattijuwar Arewa ba ta amsa gaisuwa da ƙorafi, ko gidanta na cin wuta. Za ta ce, "Lahiya lau, ɗana." Kashe wayar nan take, kafin ta kai ga "amma". Sanar da shef kiliyan ta gamsu ƙwarai.

Jan hankali
Mai wannan rubutu bai ɗauki alhakin komai ba. Idan ranar kasuwa ka ga wata dattijuwa ta shigo biro, wato ofishinku, tafin hannunta duk ya tsage da jan guga, ta zazzage maka kwandon busasshen dashe a kan tebur, ta zauna ta ce za ta dawo da yaran gidanta cin tuwon rana a wurin waɗanda suka ce ita 'yar gida ce, kada ka neme ni. An yi mini ƙarin girma, ina Yamai.