Ƙasidar Shehu Musa Birebis

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren abokina Bashir ba, kuma ko na so in manta, Hausawan Madina ba za su bar ni ba.

Bari in faro daga mota, don a nan abin ya samo asali. Ni mai haɗa magunguna ne a wani asibiti a nan Madina. Shekarar da na kawo iyalina daga Kano, aka haɗa ni da wani injiniya ɗan Labanan a Yanbu, ya gama aiki zai koma gida, yana sayar da motarsa. Sunansa Yusuf, ga gemu, kowace magana sai ya saka "insha Allah" da "alhamdu lillah". Muka gama ciniki, muka rungumi juna, har na ce ya sa ni a addu'a. (Ban tambaye shi a wane ɗakin ibada yake yin addu'ar ba. Wa zai tambayi Yusuf mai gemu?)

A hanyar dawowa na kunna rediyon motar, ashe ya manta faifai a ciki. Sai ga wasu muryoyi sun cika motar. Babu ganga, babu garaya, babu komai na kiɗa. Maza ne da yara, wannan ya ɗauko, wancan ya karɓa, wani ya shigo ta ƙasa a hankali. Tsikar jikina ta tashi. Na duba fuskar rediyon na ga an rubuta MISSA BREVIS.

Nan take ƙwaƙwalwata, wadda gwamnati ta kashe shekaru tana ilimantarwa, ta kama aiki. Na ce wannan sunan mai ƙasidar ne. Missa ai Musa ne a bakin Turawa. Turawa Musulmi kuwa a ina suke? Bosniya, ga alhazansu nan muna gani a Harami. Da na ji ana ta jan wata kalma, "Hosanna, Hosanna", na ce Husna ke nan, sunayen Allah kyawawa suke ambato. Da suka rufe wani baiti da doguwar "Amin", sai na shafa tare da su. Kafin in shigo gari har na ba shi sarauta: Shehu Musa Birebis.

Wata da watanni ita nake ji in zan tafi aiki. Na kwafe ta a waya. Ran nan matata ta ce, "Abban Hanan, wai wannan wane yare ne?" Na ce mata Bosniyanci ne, ba tare da ko ƙifta ido ba. Ta ce ita dai jikinta bai ba ta ba. Na ce ai mutum sai ya faɗaɗa tunaninsa.

To, Bashir abokina ne tun makarantar kwana, injiniya ne. Ya nemi auren 'yar Shaihu Abdulƙadir, wani dattijo Bahaushen Sudan da ya daɗe a unguwar Harra ta Yamma yana karantar da Alƙur'ani. Shaihun ya ja lokaci kafin ya amince, don a ganinsa mu 'yan boko addininmu duk na ji-ta-ji-ta ne. Da ya yarda, sharaɗi ɗaya ya kafa: babu kiɗa a walima, ko na waya.

"Mutumina, taron nan zai zama kamar zaman makoki," in ji Bashir.

Na ce, "Bar min wannan. Ina da ƙasidar da ko Shaihu sai ya zubar da hawaye. Murya ce zalla."

"Ka tabbata?"

"Ni ne fa."

Aka kama wata istiraha, irin gidajen nan da ake haya don taro, kusa da Bi'ir Ali inda alhazai suke ɗaura harami, ɓangaren maza daban, na mata daban, amma lasifika ɗaya ce take kai sauti ko'ina. Bayan sallar Juma'a mutane suka cika: likitoci, malaman jami'a, 'yan uwan amarya na Sudan da na Chadi, da ɗaliban Shaihu. Aka jera farantan shinkafa da naman rago. Shaihu yana zaune a tsakiya da farin rawani, Bashir a gefensa yana ta gumi duk da sanyin na'ura.

Da a ce na kunna abin ne kawai na koma na zauna, da da sauƙi. Amma aka miƙo mini makirufo, ni kuwa in na riƙe makirufo wani mutum nake komawa. Na yi sallama, na ce za mu saurari ƙasidar wani bawan Allah daga Bosniya, Shehu Musa Birebis. Na ga an nutsu ana kallona, sai na ƙara. Na ce ya sha wuya lokacin yaƙin ƙasarsu. Na ce yaran da za a ji suna amshi marayu ne da ya raina. (Har yau ban san daga ina marayun suka fito ba.) Wani daga baya ya tambaya ko yana raye, na sunkuyar da kai na ce Allah ya yi masa rasuwa. Shaihu ya ɗaga hannu ya yi masa addu'ar rahama, duk ɗakin suka ce amin.

Na danna waya.

Farkon abin ya tafi yadda nake so. Muryoyin suka tashi a hankali, "Kiriye eleyison", dattawa suna gyaɗa kai. Shaihu ya lumshe ido ya ce, "Masha Allah." Na kalli Bashir na ɗaga masa gira.

Sai dai lasifikar istiraha ba rediyon mota ba ce. Babu ƙarar taya, babu hucin na'urar sanyi, kowane harafi yana fita tas. Baiti na biyu ya shigo: "Kiriste eleyison." Aka maimaita. Aka sake maimaitawa. Na ga wani malamin jami'a ya tsayar da loma a hanya. Na ce a raina wata kalmar Bosniyanci ce ta yi kama da wata.

A can gefe akwai Dakta Haruna, tsohon likitan ido, mutumin Kafanchan, wanda kowa yake kira Baba. Tun baitin farko na lura ya ajiye kofin shayinsa yana kallona baki buɗe, na ɗauka daɗin ƙasidar ne ya kama shi. Yanzu ya miƙe yana tsallake farantai yana nufo ni. Bai iso ba aka shiga kashi na biyu, mai sauri, kuma a tsakiyarsa wani yaro mai zaƙin murya ya fito shi kaɗai, ya ja sunan a fili yadda ko kurma zai ji: "Yesu Kiriste."

Ɗakin ya yi tsit. Hayaniyar ɓangaren mata ma ta ɗauke. Shaihu ya buɗe ido.

Na kai hannu in kashe, yatsuna duk maiƙon nama, wayar ta ƙi jin taɓi. Na danna maɓallin gefe, ashe na ƙara sauti ne. Baba Haruna ne ya fizge wayar daga jikin igiyar lasifikar.

Ya matso kusa da ni ya rage murya. "Ɗana, ka san abin da ka kunna mana?"

"Ƙasida ce, Baba. Ta Shehu Musa."

"Waƙar coci ce. Makarantar mishan na yi firamare, ita kaɗai ce a garinmu lokacin, kullum muna jin ta ta taga. Missa ita ce babbar ibadar Katolika. Akwai addu'o'in da ba sa canzawa a cikinta, su ne masana waƙarsu suke ɗora wa karin murya. Wata doguwa ce, ta ranar biki. Wata kuma a taƙaice take, ko a rera ta da sauri, ko a ɗauki kashi biyu na farko kawai. Ita ce brevis, wato gajera, da Latin."

Na ce, "To shi Shehu Musan fa?"

"Babu wani Shehu Musa, ɗana. Gajeriyar ibada, shi ne ma'anar sunan."

A lokacin ne na ji muryarsa tana dawowa daga bango. Makirufo yana hannuna, a kunne. Duk abin da muka faɗa ya shiga ɓangaren maza, ya shiga na mata, inda matata take zaune a tsakiyar dangin amarya.

Abubuwa suka riƙa zuwar mini a jere: waƙar coci, ta lasifika, ranar Juma'a, a Madina, ga motocin alhazai masu harami suna wucewa a bakin titi. Na tuna mai istirahar. Na tuna iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, da aikina. Na kalli Bashir, fuskarsa ta koma kamar ta wanda aka karanta wa sakamakon asibiti.

Shaihu ya yafito ni. Na je na durƙusa.

"Ya waladi," ya ce, "waƙar nan ta mutane ce, ta ibadarsu. Ba su aiko maka da ita ba, kai ma ba ka sani ba. Wannan khalas, ya wuce, kuskure ne. Amma yaƙin da marayun, a wane littafi ka gani?"

"Allah ya gafarta Malam, a kaina na gani."

"Rasuwar fa?"

"Ita ma."

Babu mai motsi. Kowa jira yake ya ga ko Shaihu zai tashi ya fita, in kuwa ya fita, an san auren ya shiga wani hali.

"Shekara da shekaru ina yi wa waɗanda suka rasu addu'a," ya ce, "yau ce rana ta farko da na yi wa wanda ba a haifa ba." Ya juya ga jama'a. "Bismillah, ku ci abinci, yana hucewa."

Aka ci, amma ni ko loma ban iya haɗiyewa ba. A mota, da muka kusa gida, matata ta tambaye ni a hankali ko tunanin nawa ya gama faɗaɗa. Bashir ya yi makonni ba ya ɗaga wayata. Mai istiraha kuwa, da Allah ya rufa asiri, yana can wajen masu dafa abinci, bai ji komai ba.

Bara Allah ya ba Bashir da matarsa ɗa namiji. Ranar suna Shaihu da kansa ya sa aka kira ni gaba, a matsayina na babban abokin uban jariri, ya ce ni zan sanar. Ya raɗa mini sunan a kunne, ya miƙo makirufo, amma bai saki ba sai da ya ce, "Sunan kawai. Yaron bai yi tarihi ba tukuna."

Na faɗi sunan, na mayar da makirufo, na koma na zauna. Darasin da na koya bai da tsawo: "ban sani ba" kalma uku ce, kuma ban taɓa jin wanda ya faɗe ta ya kasa cin shinkafar biki ba.