Ranar da Na Shiga Kokawa da Rawani

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je ɗauko ɗana Hamidu daga makaranta ba.

Ni dillalin jakai ne. Da jaki ɗaya mai ɗingishi na fara, har na kai ayarin fatake ba ya tashi sai ya biyo ta ƙofar gidana. Karatu kuwa, na salla kawai na samu, shi ya sa na ɗora burina a kan Hamidu. Ya sauke Alƙur'ani lafiya lau, amma da aka zo karatun littattafai sai zama ya gagare shi. Na kai shi zauren wani malami a birni, ya gudo. Na kai shi wani, ya sake gudowa. Daga ƙarshe na miƙa shi ga Malam Sambo, mai koyar da fiƙihu da nahawu a wani ƙauye kusa da Tofa. Damina ta wuce, kaka ta shigo, yaro bai gudo ba.

Ina cikin murna sai wani abokin ciniki ya tare ni a kasuwa ya ce, "Kai, ɗanka ya yi suna! Duk yankin nan ba mai tsaya masa."

Na ce, "A karatu?"

Ya ce, "Wane karatu? Kokawa!"

Washegari na naɗa babban rawanina, na zuba riga, na hau jaki. Niyyata in taho da shi ya kama kiwo, maganar karatu ta ƙare ke nan.

Na isa ranar Alhamis bayan la'asar, ranar da ba a karatu. A masussukar bayan gidan Malam na same su sun kewaye fili, ɗalibai a gefe guda, samarin Maguzawa maƙwabta a ɗaya gefen. Ba kiɗa, ba layu, Malam na zaune a kan buzu yana kallo. Ga Hamidu can ba riga, yana ta dariya.

Ko sallama ban yi ba (wannan ma abin kunya ne, amma ƙarami). Na kutsa tsakiyar fili na miƙa hannu ina nuna shi. Ni dai nufina ya zo nan. Na manta, ni da na tashi a ƙauye, cewa wanda ya shiga fage ya miƙa wa mutum hannu ya neme shi da kokawa ne. Hamidu na ganina ya sunkuya ya ɓuya a bayan mutane, sai hannuna ya koma kan wani Bamaguje mai suna Nomau.

Fili ya ɗauki sowa. "Baba mai rawani ya nemi Nomau!"

Nomau ya fito yana sosa ƙeya. Ya ce, "Baba, da gaske kake?"

A nan ya kamata in ce a'a. Amma sai na yi masa irin kallon da nake yi wa jaki a kasuwa: gajere, ƙafafu sirara, ƙirji ba faɗi. Da dabba ce ko tayawa ba zan yi ba. Na ce, "To, da wasa na zo?"

Har yau ban san yadda aka yi ba. Na dai ji mutum ya shige cikin rigata, na ga ƙafafuna a sama, sai ga ni rigingine a kan tulin ƙaiƙayin gero, rawani ya warware yana jan ƙasa. (Allah ya saka wa Nomau, a hankali ya ajiye ni kamar tulu, har da cewa, "Sannu, Baba.")

Wanda ya san ƙaiƙayin gero ya san halin da na shiga. Na durƙusa gaban Malam zan yi faɗan da na shiryo tun daga gida, amma hannuwana biyu suna cikin riga ina susa. Abin da ya fito kawai shi ne, "Malam, karatu na kawo shi."

Malam ya danne dariya ya ce, "Maigida, samari ne, ƙarfi ya cika musu jiki. In ban ba su fili a bayan gidana ba, za su nemo shi inda ba na gani. Kuma a nan, wanda bai kawo karatunsa daidai ba, ba ya cire riga ranar Alhamis, sai kallo. Ɗanka a farko ya sha kallo, yanzu shi ke tashin 'yan'uwansa bita."

Ya kira Hamidu ya ce ya karanta inda suka tsaya. Yaro ya zauna, ƙura har gira, ya ja Larabci yana fassarawa da Hausa ba gargada. (Babin sayar da dabba mai aibi ne. Ban tambayi Malam ko da gangan ya zaɓa ba.) Ina susa, idona na kawo ruwa, kowa ya ɗauka ƙaiƙayi ne.

Na bar shi a can. Na jawo jakina, ina tafe a ƙasa, na dawo gida, don zama a kansa ba ya yiwuwa. Yanzu Hamidu har biya wa na ƙasa da shi karatu yake yi, kuma an ce ya fara kayar da Nomau jefi-jefi.

Ni kuwa na koyi darasina. Ba na ƙara yi wa mutum kuɗi da ganin ƙafafunsa, kuma in na shiga taro ina neman wani, hannuna yana cikin riga, da baki nake nuni.