Ɗigo Biyar Na Marigayi Helmer

"Lafiya lau, Kaka Gunvor. Ya sanyi?" na amsa mata.

"Sanyi lokacinsa ne, Majken. Ga mijin nawa na kawo miki, ko za ki saye shi da araha."

Ranar kunna wa mamata kyandir ce. Ƙarfe uku na rana, amma duhu ya riga ya rufe ƙauyenmu kamar yadda ya saba a nan arewacin duniya lokacin sanyi, daga tagar kantina kana hango maƙabarta da 'yan wutace birjik a kan ƙanƙara. Mijin da take faɗa jikanta ne, Melker, ƙato da gemunsa. Uwarsa ta turo shi daga birni ya duba ko tsohuwar ta fara ruɗewa. In ya ce ta ruɗe, gidan tsofaffi za a kai ta, a sayar da gidanta. Tausayinta nake ji, don haka na kasa kunne, abin da dama ba ya yi mini wuya.

Suka tsaya gaban gwangwanayen snus, farin ƙullin nikotin ɗin nan da muke cusawa a ƙarƙashin leɓe. Yawan ɗigon jikin gwangwani ke faɗin ƙarfinsa.

"Mai ɗigo biyar," in ji ta.

"Biyar? Tsohuwa, haƙori nawa ya rage miki da za ki riƙe shi?"

"Ba nawa ba ne, ja'iri. Na kakanka Helmer ne."

"Mutumin da ya yi shekaru a ƙasa? Mai ƙarfin ne fa ya tsayar masa da zuciya."

"To yanzu wace zuciyar za ta tsaya? Na kwance ai ba ya faɗuwa. Kishi kake yi da shi, shi ya sa bara ka ajiye masa mai ɗigo biyu a kan kabarinsa, mai ƙanshin na'a-na'a, sai ka ce alewar yara."

"Ni in yi kishi da ƙwarangwal? Ya gudu ya bar mini ke, ya samu hutu. Ai shi ya ci riba."

"Wane hutu? Tun daga ranar da ka kai masa na baran, kullum da almuru yana kicin ɗina yana jan durowa ɗaya bayan ɗaya. Ba ya cewa uffan. Nema kawai yake yi."

"Ɓeraye ne, amaryata."

"Ka taɓa jin ɓera mai jan ƙafar hagu irin kakanka?"

Dariyar Melker ta ɗauke. Ya sassauta murya.

"Kaka, irin wannan maganar ce fa za ta raba ki da gidanki. Me kike so in gaya wa Mama?"

"Gani ya kori ji, sarkin gardama."

Ta zaro wani koɗaɗɗen gwangwani daga jakarta ta dire a gabana.

"Ka gane shi? Da safen nan na ɗauko shi daga kan kabarin."

"Na baran ne. To sai me? Ga shi nan ko buɗewa ba a yi ba."

Gaskiyarsa. Takardar da ke liƙe da bakin gwangwanin ko ƙwarzane babu, ni da nake sayar da su na duba da kyau. Ya ɗauka ya girgiza a kunnensa. Shiru. Ya sake girgizawa, wayam.

Sai Kaka ta sa farce ta ɓalle ƙaramin murfin sama, inda ake ajiye wanda aka gama tsotsa. Cike yake maƙil da tsotsattsun ƙulli, a jiƙe sharkaf, an manne su bibbiyu. Ban san abin da ya kai ni ba, na taɓa da yatsa. Da ɗuminsu.

"Bibbiyu yake cusawa, bawan Allah, bai ji komai ba," in ji ta. "Rowarka ta hana mutum kwanciyar kabari."

Melker ya goge hannunsa a wando.

"Majken, ba ni mai ɗigo biyar. Akwai mai shida?"

"Au, ɓerayen ne za ka saya wa?"

"Kin ci, tsohuwa. Na sakar masa ke, ya riƙe kayarsa. Zan gaya wa Mama hankalinki garau yake, nawa ne ke neman taɓuwa."

Kaka Gunvor ta tuntsire da dariya har da riƙe kanta. Sannan ta ɗaga ido, ta kalli wajen kafaɗata, inda ba kowa sai bango da gwangwanaye.

"Ka ji ko, Helmer? Ba inda za ni. Wuce mu tafi."

Ban waiwaya ba har suka fita.