Nomau da Idon Kyauta

A Tudun Kanya an yi wani mutum mai suna Nomau, wanda bai taɓa ƙin umarni ba, bai kuma taɓa ƙara masa ko rage masa komai ba. Ya haura arba'in, yana zaune da yayarsa Tabawa, wadda mijinta ya rasu. Abin da suka mallaka shanu ne guda biyar da mahaifinsu ya bari. Uwar garken ita ce Kyauta, farar saniya mai cika ƙwarya biyu. Da nononta Tabawa ke dama furar sayarwa, da shi gidan ke ci.

Wata rana a farkon damina, idon Kyauta na hagu ya soma zubar da hawaye, tana runtse shi in rana ta buɗe. Aka kira Malam Isiyaku, malamin dabbobi. Ya duba ya ce, "Ciwon nan ƙuda ke yawo da shi daga ido zuwa ido. Nomau, kada ka bar ƙuda ya sauka a idon saniyar nan." Nomau ya ɗauko mafici ya tsaya a gabanta tun hantsi har la'asar. Duk ƙudan da ya kora sai ya koma kan sauran huɗun, waɗanda suka wuni a turke babu kiwo, kusa da tarin taki.

"Su waɗannan fa?" in ji Tabawa.

"Malam bai ambace su ba, Yaya."

Wata rana Tabawa za ta kasuwa, ta miƙa masa tsumma ta ce, "Ka share musu ido da wannan." Nomau mutum ne mai ladabi, ya san da babba ake farawa. Ya share idon Kyauta tsaf, sannan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya da tsumman nan, har ya kai kan Auta, karsanar da Kyauta ta haifa. Bayan kwana huɗu, uku daga cikinsu suna hawaye.

Da Malam Isiyaku ya ji yadda aka yi, sai ya riƙe baki. "Ko ɗauraye shi ba ka yi ba?"

"Sharewa aka ce, Malam."

Wata rana Malam ya kawo kwalbar magani wadda za ta kai mako guda. "Duk idon da ka ga yana hawaye, ka ɗiga masa, safe da yamma." Nomau ya gama da shanu, sai ya tuna an ce duk. Ya shiga gari. Ya ɗiga wa jakin mai unguwa. Ya bi wata mai yankan albasa har zaure, ta koro shi da muciya. Wani maƙeri da hayaƙi ya sa shi hawaye ya ce, "Kai Nomau, ni na yi maka kama da saniya?" Amma inda aka ƙi shi, bai rasa tumaki da awaki ba. Kwana biyu kwalba ta ƙare, Malam kuwa ya tafi birni.

Kafin ya dawo, hakiya ta rufe idon Kyauta fari fat, ta haye na dama. Ta riƙa karo da darni, ta daina ci, nonon ya koma bai rufe gindin ƙwarya ba. Tabawa ta aika wa mahauci. Da ake jan saniyar, ta zauna bakin turke tana kuka. Nomau ya dube ta, ya ruga ɗaki ya ɗauko kwalbar, ya yi ta girgiza ta.

"Ya ƙare, Yaya," ya ce.

Ta ture hannunsa. "Kwashe mini duk abin da zai tuna mini da ita. Ba na son ganin komai a nan."

Ya cire turken, ya naɗe igiyar. Takin shekara guda da suke tarawa domin gona, tunda akwai kashin Kyauta a ciki, ya yi ta jidarsa a kwando yana zubarwa a kwazazzabo, ruwa ya tafi da shi. Sai ya dubi shanun: Auta kamar an tsaga kara da uwarta, sauran ma farare ne. Ya kora su can kan tudu bayan rafi, ƙarƙashin wata tsamiya inda iska ke kaɗawa. Gari ya yi ta dariya. Gero ya tashi babu taki, Tabawa kuma kullum sai ta yi tafiya mai nisa da ƙwarya a ka kafin ta yi tatsa.

A watan nan ciwon ya ratsa Tudun Kanya, ta mashaya inda shanu ke cunkushe kai, da turakun da taki ya yi wa zobe. Malam Isiyaku ya zaga gida gida, ya tarar kusan rabin shanun garin sun kamu, maruƙa sun fi shan wuya. Da ya hau tudu, ya ɗaga fatar idon shanun nan huɗu, ya ga sun washe.

"Wa ya ba ku wannan shawara?"

"Yaya ce."

Tabawa ta shafa wuyan Auta, ta ce, "Da tun ranar farko ka kawo su nan, da Kyauta na nan tsaye."

Nomau ya yi tunani sosai, don ba ya son ya yi mata ƙarya.

"Ai da na kawo, Yaya. Ba wanda ya ce."