Ƙunshin da Na Yi wa Falmata

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa daga ka, har sai na jera sunayen jikoki uku kafin in faɗa kan wanda nake kira. Amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka jikata Falmata intabiyun shiga makarantar likita ba. Na so in manta ɗin, abin ne ya ƙi.

Mu asalinmu mutanen Borno ne, ko da yake a Fagge aka haife ni, a nan na yi aure, a nan na tsufa. Karatuna bai wuce na allo da ɗan yaƙi da jahilci ba. Abin da na iya, wanda ba na jin kunyar faɗa a gaban kowa, shi ne kitso da ƙunshi. Amaren unguwarmu da yawa ta hannuna suka bi, kuma an san lallena da kamu: in na ƙunsa wa mace, sai ta gaji da ganinsa kafin ya fita. (Ku lura da yadda nake yabon kaina. Haka nake yi a lokacin ma.)

Falmata 'yar babban ɗana Bukar ce, mai sayar da atamfa a kasuwar Kwari. Yarinya ce marar hayaniya, kullum kanta cikin littafi. Da ta ci jarrabawar shiga jami'a, aka ce saura a gan ta ido da ido a yi mata tambayoyi kafin a ba ta gurbi, kuma masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Ina jin an ce manyan likitoci ne za su zauna su dube ta, sai na ce to, aiki ya zo wurina.

A yadda aka tashe mu, ba a tura 'ya mace gaban manya da farin hannu da tsefaffen kai. Wadda aka gani haka, cewa za a yi ba ta da kowa a gida. Ni kuwa so nake duk wanda ya kalli Falmata ya san akwai tsohuwa a bayanta.

Ana jibi intabiyu na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kira ta.

"Ƙawata, zo ki zauna. Yau kanki nawa ne."

Na yarfa mata ƙananan kitso, na ja shi sosai don kada ya yi saurin tsufa, har girarta ta ɗaga sama kamar mai mamakin wani abu. Sai da na gama na tuna hijabi za ta sa, babu likitan da zai ga ko sili ɗaya. Ban bar wannan ya dame ni ba. Na jawo kwanon lalle.

A nan ne ta yi magana, a hankali, idonta a ƙasa.

"Iya, an ce fa kada mu sa lalle a yatsu. Akwai na'urar da ake dangwalawa."

"Wa ya ce?"

"A makaranta aka faɗa mana."

"Na'urar ta fi ni sanin ado ne? Miƙo hannun."

Ta miƙo. Uwarta tana bakin murhu tana jinmu, ta buɗe baki ta rufe, don surukar kirki ba ta musu da uwar miji a tsakar gida. Na ƙunsa yatsun nan goma, ciki da baya. Washegari na ga bai yi mini duhun da nake so ba, na sake maimaitawa. Ya kama har ya koma kamar baƙi. Na riƙe hannun ina juyawa a rana ina jin daɗi.

Ranar intabiyu Bukar ya ce zai kai ta, na ce ya tafi kasuwarsa, ni zan je. Muka hau adaidaita sahu. A harabar wurin an jera kujeru ƙarƙashin rumfa, iyaye a gefe guda, yara a gefe guda. Nan na haɗu da Maman Ngozi, wata 'yar Sabon Gari da na daɗe ina sayen kwanuka a shagonta, ita ma ta kawo tata 'yar. Hausa a bakinta kamar a Fagge aka yanke mata cibiya. Na kalli Ngozi: an tufke gashi baya, farar riga, baƙin siket, hannu fari fat. Har tausayinta na ji.

"Maman Ngozi, haka za ki kawo yarinya kamar wadda aka koro daga gida? Da kin aiko mini ita ai."

"Hajiya, mu dai a bar mu mu shiga, ado sai an zama likita."

Ban haƙura ba. Na kira Falmata, na ɗaga hannunta ina nuna wa matan da ke rumfar ɗaya bayan ɗaya. Na ce su duba da kyau, aikin hannu ne ba na kanti ba, kuma ni da kaina na yi. Wata ta tambayi unguwarmu, na yi mata kwatance har ƙofar gida.

Aka fara kiran suna. A bakin ƙofar zauren akwai tebur, da wata ma'aikaciya, da 'yar na'ura wadda ba ta kai tafin hannu ba. Kowane yaro zai ɗora yatsa, a tabbatar shi ne ya rubuta jarrabawar, sannan ya shige. Ngozi ta ɗora ta wuce. Aka kira Falmata. Ta ɗora babban yatsa, shiru. Ta ɗora manuni. Aka goge gilashin, aka goge yatsan, aka bi su ɗaya bayan ɗaya har hannun hagu. Layi ya tsaya.

Ma'aikaciyar ta juya tafin hannun yarinyar ta duba, ta ce, ba da faɗa ba, amma kowa ya ji:

"Ba a gaya muku ba? Wa ya yi miki wannan ana gobe intabiyu?"

Falmata ba ta ma waiwayo ba, Allah ya yi mata albarka. Amma ba ta buƙatar waiwayowa, domin duk matan da na bi na nuna wa hannun sun juyo suna kallona, har da wadda na yi wa kwatancen gida. Na ja mayafi na rufe rabin fuska, kamar akwai wanda bai riga ya gan ta ba.

Aka ce ta koma gefe, a sake gwadawa in an gama da sauran. Maman Ngozi ba ta ce mini ko kalma ɗaya ta ramuwa ba (da ta rama ma da ya fi mini sauƙi). Fita ta yi ta sayo lemon tsami da gishiri da omo. Muka zagaya bakin famfo a bayan zauren. Ni da gwiwata ba ta son durƙuso, na durƙusa ina dirzar yatsun jikata, ina roƙon Allah ya sa lallen nan ya zama na banza. Bai zama ba. Aikina ne, na san shi. Yatsun suka yi ja suka kumbura, lalle yana nan daram. Ga kitso yana sara mata kai, ina gani tana runtse ido.

Da yamma aka sake gwadawa, na'ura ta ƙi. Aka ce ta tafi, in an shirya zama na biyu don waɗanda suka sami matsala za a kira ta, amma ba a yi alkawari ba. Muka hau adaidaita sahu muka koma gida. Bukar da ya ji, cewa kawai ya yi, "Allah ya sa haka ne mafi alheri, Iya," ya shige ɗaki. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo.

Makonnin da suka biyo baya, duk wanki da wanke-wanken gidan aka tattara wa Falmata, ba don horo ba, don lalle ya ci ruwa. Ni na tsefe mata kitson da hannuna. Kowace safiya sai na kira ta na duba yatsun a rana, yadda na yi ranar da na ƙunsa, sai dai yanzu fari nake nema.

Wata safiya ina riƙe da hannun na kasa daurewa.

"Ke kuwa ƙawata, tunda kin sani, me ya hana ki ƙi?"

"Na faɗa miki ai, Iya."

"Sau ɗaya, kamar mai raɗa. Da kin sake faɗa."

Ta ɗan yi murmushi. "Ke kika ce mana yaron da ya maimaita wa babba magana ba shi da kunya."

Ni ɗin ce kuwa. Haka na tashi ubanta, haka na sa aka tashe ta, kuma ina alfahari da hakan a gidan biki. Ban taɓa tunanin wata rana maganar da za a faɗa mini sau ɗaya ita ce gaskiya ba.

Allah ya rufa asiri, an yi zama na biyun, aka kira ta. Ubanta ne ya kai ta, ni ko bakin zaure ban leƙa ba. Na'ura ta karɓa, ta amsa tambayoyinta, ta sami gurbin. Yanzu haka tana tsakiyar karatun, tana bayan Ngozi a wasu darussan saboda jinkirin da ta yi, kuma ba ta taɓa ɗaga mini zancen ba.

Ban ce na canja hali gaba ɗaya ba, tsohuwa ba ta yin haka. Har yau ba na son yaro ya maimaita mini magana. Sai dai tunda ni na kafa dokar sau ɗaya, na gane nauyin ji a kaina yake. In jika ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, an ce fa," sai in ajiye abin da ke hannuna, in juyo masa da kunnen da ya fi ji.