Barkar Barmo ga Bagirke

An ce, Allah ne mafi sani, a zamanin da Turawan fatu ke da kantuna a Fagge, an yi wani Bagirke mai sayen ƙiraga, ɗan ƙasar nan da littattafanmu ke kira Yunan. Mutum ne mai hannun kyauta, amma ya ɗauki son sarkin ƙasarsu tamkar farilla, har ya rataye hotonsa bisa ma'auni. Shi kuwa sarkin, mulkinsa kamar zazzaɓin damina yake: yau a naɗa shi, gobe a kore shi, a jefa ƙuri'a a dawo da shi, yaƙi ya sake fitar da shi.

Akwai wani maroƙi, Barmo, wanda abincin gidansa ya rataya a ƙofar kantin nan, don duk Juma'a ba ya komawa hannu rabbana. Illarsa ɗaya: labari ba ya isa kunnensa sai ya tsufa. Da ya ji an naɗa sarki, ya zo da kirari yana barka, ashe tuni an tuɓe shi. Bagirke ya kore shi. Da ya ji an tuɓe, ya zo da fuskar jaje yana salati, ya tarar ana rabon alewa, ashe an mayar da sarkin kan gadon sarauta. Ran nan Bagirke ya rantse da littafinsu cewa in Barmo ya ƙara kuskuren gaisuwa, ƙafarsa da ƙofar nan har abada.

Barmo ya zauna ya yi ijtihadi irin nasa. Ya ce tun da labarin da yake ji kullum baibai yake zuwa, to daga yau abin da ya ji, kishiyarsa zai kai.

Ana nan, wata safiya ya ji 'yan dako na cewa abin baƙin ciki ya sami sarkin ƙasar Bagirke. Ya ce alhamdu lillahi, ashe an dawo da shi ke nan. Ya sha rawani, ya doshi kanti, tun daga bakin titi yana kwarara murya:

"Barka, maigida! Barka da arziki, na sarkin da ba ya gajiya da hawa!"

Sai da ya tsallaka dokin ƙofa ya ga hoton an lulluɓe shi da baƙin ƙyalle, ga Bagirke zaune kan tulin fatu, idanu sun yi ja.

"Barmo," in ji Bagirke, da Hausarsa ta kanti, "barka da me?"

"Da sarki mana, ranka ya daɗe. Ba an dawo da shi ba?"

"An dawo da shi tun bara. Jiya ya mutu. Yau za a binne shi." Ya nuna masa hanya da yatsa. "Ka tuna rantsuwata?"

Barmo ya dubi ƙofa, ya tuna tukunyar gidansa. Ya gyara rawani, ya durƙusa a natse.

"Na tuna, maigida, kuma ban janye barkata ba. Duk wahalar da bawan Allah nan ya sha, ai yau ne kaɗai za a zaunar da shi inda ba mai tashinsa sai Mala'ika Israfilu."